Shari'ar Hissene Habre da Masu Cewa a Bar wa Allah

A gefen birnin N'Djamena akwai wani fili da ake kira Hamral-Goz, wanda mutanen Chadi suka yi wa laƙabi da filin matattu. Clement Abaifouta ya san wannan fili fiye da yadda yake so ya san shi. Matashi ne da ya samu gurbin karatu a Jamus, amma aka kama shi a 1985 tun bai kai ga tafiya ba, ya shekara huɗu a tsare, kuma aikin da masu gadi suka ɗora masa shi ne kwashe gawarwakin 'yan uwansa fursunoni da suka mutu cikin dare ya kai su wannan fili ya binne, ba tare da iyalansu sun san sun mutu ba, balle su san inda aka saka su. Bayan shekara talatin da kama shi, wannan mutumin ya tsaya a gaban kotu a Dakar, babban birnin Senegal, ya ba da shaida, alhali mutumin da ya mulki Chadi a wancan lokaci, Hissene Habre, yana zaune kusa da shi cikin farin rawani da baƙin tabarau, bai ce uffan ba.

Na fara da wannan mutum ne saboda duk lokacin da aka ta da zancen gurfanar da tsohon shugaban ƙasa a majalisar hira, ba a rasa dattijon da zai kashe maganar da cewa abin da ya wuce ya wuce, a bar wa Allah. Na sha jin wannan jumla, kuma ban taɓa jin ta daga bakin wanda aka rataye ɗansa ko aka yi wa 'yarsa fyaɗe ba. Kullum daga bakinmu take fitowa, mu da muke gefe, waɗanda ba a taɓa ko farcenmu ba. Ra'ayina shi ne shugaban da ya ba da umarnin kisan fararen hula da azabtar da tsararru ya cancanci ya tsaya gaban alƙali tun a duniya kamar kowane mai laifi, kuma yafe masa haƙƙi ne na waɗanda ya zalunta kaɗai, babu wani shugaba ko taron shugabanni ko mai sharhi da ke da hurumin yafewa a madadinsu.

Habre ya karɓi mulki da ƙarfin bindiga a watan Yunin 1982, ya riƙe shi har zuwa 1 ga Disamban 1990, lokacin da tsohon kwamandan sojojinsa Idriss Deby ya kore shi. A farkon 1983 ya kafa hukumar 'yan sandan ciki da ake kira DDS, wadda ba ta karɓar umarni daga kowa sai daga fadarsa. Hukumar tana da gidajen tsare mutane a cikin N'Djamena, kuma mafi munin suna a cikinsu wani tsohon wurin ninƙaya ne na zamanin Turawan mulkin mallaka, wanda aka rufe samansa da kankare aka yanka cikinsa ƙananan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya san zafin bazara a yankin tafkin Chadi zai iya ƙiyasta abin da ake nufi da cusa mutane da yawa cikin irin wannan rami. Azabar da ta fi shahara ita ce wadda suke kira arbatashar, inda ake ɗaure hannuwan mutum da ƙafafunsa ta baya a ja igiyar har ƙirjinsa ya bankare, a bar shi haka har jini ya daina gudana, wasu ma hannuwan nasu ba su sake moruwa ba har suka koma ga Allah. Akwai kuma ɗura wa mutum ruwa har cikinsa ya kumbura, da jona masa wutar lantarki, da cusa masa salansar mota a baki a ta da injin. An bi mutanen kudu da kisa a 1984, aka koma kan ƙabilar Hadjarai a 1987, sannan ƙabilar Zagawa a 1989, wato duk ƙabilar da wani ɗanta ya yi wa shugaban tawaye sai a ɗauke ta gaba ɗaya a matsayin abokiyar gaba. Hukumar binciken da gwamnatin Chadi ta kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 ne suka halaka, ta kuma zarge shi da kwashe kuɗin baitulmali a kan hanyarsa ta gudu.

Da wannan dukiya ya sauka a Dakar, ya zauna a unguwar Ouakam cikin rufin asiri da mutunci, ya yi suna da kyauta da kusanci da manya, har maƙwabtansa suna ganinsa a matsayin dattijon kirki mai yawan ibada. Da a ce an bi shawarar masu cewa a bar wa Allah, da a haka zai ƙare rayuwarsa, da kuma tarihin Chadi ya rubuta shi a matsayin gwarzon da ya fatattaki sojojin Libiya a 1987, ba tare da an ambaci ramin ninƙaya ko sau ɗaya ba.

Abin da ya hana hakan faruwa bai fito daga wata babbar ƙasa ba. Wani akanta ne mai suna Souleymane Guengueng, ma'aikacin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar suke cikin ƙasashen da suka kafa ta. An kama shi a 1988, ya fi shekara biyu a tsare yana kallon mutane suna mutuwa a gefensa saboda yunwa da cuta, sai ya yi wa Allah alkawari cewa idan ya fita da rai zai nemi haƙƙin waɗannan mutane. Da ya fito, ya bi waɗanda suka tsira da zawarawa da marayu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta labarinsu, har ya tara bayanan mutum kusan 800, ya ɓoye su shekara da shekaru, domin da yawa daga tsofaffin jami'an DDS sun ci gaba da riƙe muƙamai a sabuwar gwamnati, kuma a titi guda suke haɗuwa da waɗanda suka azabtar. Lauyar da ta tsaya musu, Jacqueline Moudeina, an jefa mata gurneti a N'Djamena a 2001, ta ji mummunan rauni, ta warke ta dawo kan aikinta.

Kama Janar Augusto Pinochet, tsohon shugaban mulkin soja na Chile, da aka yi a Landan a watan Oktoban 1998, bisa sammacin wani alƙalin Sifaniya, shi ya nuna musu cewa ƙofar a buɗe take. Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke cewa rigar kariyar tsohon shugaba ba ta rufe laifin azabtarwa, domin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta wajabta wa kowace ƙasa da ta sa hannu cewa idan wanda ake zargi da azabtarwa yana cikin ƙasarta, to ko dai ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi ga wadda za ta yi. Senegal tana cikin ƙasashen farko da suka amince da wannan yarjejeniya. A watan Janairun 2000 'yan Chadin suka shigar da ƙara a Dakar tare da taimakon ƙungiyar Human Rights Watch da lauyanta Reed Brody, kuma cikin 'yan kwanaki wani alƙali ya tuhumi Habre. Daga nan aka shiga wasan ɓuya na shekara goma sha biyu. Manyan kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. Beljiyam ta yi bincike ta ba da sammacin kama shi a 2005, Senegal ta ƙi miƙa shi. Tarayyar Afirka ta umarci Senegal a 2006 da ta yi masa shari'a da sunan Afirka, shugaban Senegal na lokacin, Abdoulaye Wade, ya ce sai an ba shi kuɗin aikin gaba ɗaya kafin ya ɗaga ko yatsa. Sai da Kotun Duniya mai sasanta ƙasashe ta yanke hukunci a watan Yulin 2012 cewa Senegal ta saɓa wa yarjejeniyar, kuma ya zo daidai da hawan Macky Sall mulki, sannan aka kafa kotu ta musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal bisa yarjejeniya da Tarayyar Afirka. A cikin waɗannan shekaru na jan ƙafa, da yawa daga masu ƙarar sun rasu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a dukan shari'ar shi ne takardu. A 2001 masu bincike suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS suka tarar da dubban takardu a warwatse a ƙasa, ƙura ta rufe su, babu wanda ya damu ya ƙone su. Azzalumar gwamnati ma tana da magatakarda, kuma magatakardan DDS sun yi aikinsu da himma: jerin sunayen tsararru na kowace rana, takardun shaidar mutuwa, rahotannin tambayoyi. Da aka tantance su, an samu sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da wasu 12,321 da aka ci zarafinsu, an kuma samu wasiƙu 1,265 da hukumar ta aika wa Habre shi kansa game da halin da tsararru 898 suke ciki. Wannan ya rushe kariyar da kowane shugaba ke fakewa da ita, wato cewa yarana ne suka yi, ni ban sani ba. A cikin takardun har da rahoton tambayoyin da aka yi wa wata mata soja mai suna Rose Lokissim, wadda aka kama tana fitar da sunayen matattu daga kurkuku a ɓoye zuwa ga iyalansu. Jami'an da suka yi mata tambayoyi sun rubuta da hannunsu cewa ta ce ba ta tsoron abin da zai same ta, kuma tarihi zai yi maganarta. An kashe ta a 1986, kuma waɗanda suka kashe ta su ne suka adana mata kalamanta.

An buɗe shari'ar ranar 20 ga Yulin 2015. Habre ya ƙi amincewa da kotun, ya yi ta ihu yana la'antar mulkin mallaka, lauyoyinsa suka ƙaurace, kotu ta naɗa masa wasu ta ba su lokaci su karanta kundin shari'ar, daga baya har ɗaukarsa jami'an tsaro suka yi suka shigo da shi zauren. Shaidu 93 suka yi magana. Matan da aka kai sansanin soja na Ouadi Doum a cikin hamada aka mayar da su bayin biyan buƙatar sojoji sun faɗi abin da suka shekara kusan talatin suna ɓoyewa, wata mai suna Khadidja Hassan Zidane kuma ta dubi tsohon shugaban ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Duk wanda ya san nauyin irin wannan magana a bakin mace a al'ummominmu ya san ba abin da za a yi don neman suna ba ne. Ranar 30 ga Mayun 2016, kotun ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso ta same shi da laifukan yaƙi da azabtarwa da cin zarafin bil'adama, ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Kotun ɗaukaka ƙara ƙarƙashin wani alƙali ɗan Mali ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2017, sai dai ta cire laifin fyaɗen da aka ce ya yi da kansa, saboda ba ya cikin takardar tuhuma ta asali. Wannan cirewar ta yi wa mutane da yawa ciwo, amma a ganina tana cikin abin da ya nuna cewa kotu ce ta gaske, wadda ta ba wanda ake tuhuma kariyar da shi bai taɓa ba kowa ba.

Masu adawa da irin wannan shari'a suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi ƙarfinsu ita ce ta son kai. Shugaba Ronald Reagan ya karɓi Habre a fadar White House a 1987, a daidai shekarar da ake farautar Hadjarai, kuma Amurka da Faransa sun ba shi makamai da horo da kuɗi saboda yana tare musu Gaddafi. Babu ko ɗaya daga waɗanda suka ɗaure masa gindi da aka kira ya amsa tambaya. Deby, wanda shi ne babban hafsan soja a lokacin kashe-kashen kudu na 1984, ba a tuhume shi ba, hasali ma gwamnatinsa tana cikin manyan waɗanda suka biya kuɗin shari'ar, ta kuma ƙi miƙa wasu da kotun ta nema. A wani ɓangaren, duniya ta ga hotunan cin zarafin fursunoni da sojojin Amurka suka yi a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi a 2004, majalisar dattawan Amurka da kanta ta fitar da rahoto a 2014 kan azabtarwar da hukumar leƙen asirinta ta CIA ta yi, amma ƙananan sojoji kaɗan aka ɗaure, manyan da suka sa hannu suna gidajensu. Da mai gabatar da ƙara ta wancan lokaci a kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC), Fatou Bensouda 'yar Gambiya, ta nemi bincikar abin da ya faru a Afganistan, sai Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a 2020. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce shari'ar duniya ba ta da ɗan lele bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai ban ga yadda wannan ya zama hujjar sakin Habre ba. Idan ɓarayi biyu suka shiga gari aka kama ɗaya, ɗayan ya tsere saboda yana da uwa a gindin murhu, abin da hankali zai ce shi ne a bi sawun wanda ya tsere. Ba wanda zai ce a saki na hannu don a yi adalci tsakanin ɓarayi, a manta da mai kaya. Hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata aka nemi a yi mata ceto ya faɗi abin da ya halaka al'ummomin farko, wato idan babba ya yi laifi a ƙyale shi, idan mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi, kuma maganin da hadisin ya nuna shi ne hukunci ya hau kan babba shi ma. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa haƙƙin bayi yana nan a wuyan wanda ya ci shi har sai mai haƙƙin ya yafe. Ihun da Habre ya yi na la'antar mulkin mallaka ya fi kowane ihu ban takaici, domin mutumin da Faransa da Amurka suka goya wa baya ne yake yi wa zawarawan Chadi da alƙalan Afirka kallon 'yan koren Turawa.

Hujja ta biyu ta shafe mu kai tsaye a Najeriya. A 2003 Shugaba Obasanjo ya ba shugaban Laberiya na lokacin, Charles Taylor, mafaka a Kalaba don a kawo ƙarshen yaƙin Laberiya, a watan Maris na 2006 kuma aka kama shi a Gamboru Ngala yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru, aka miƙa shi, daga baya aka yanke masa shekara 50 saboda laifukan da aka yi a Saliyo. Masu suka suna cewa duk wani mai mulkin kama-karya da ya ga haka zai gwammace ya mutu a kan kujera da ya yarda da alkawarin mafaka, don haka shari'a tana tsawaita yaƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma na yarda cewa wani lokaci dole a jinkirta shari'a har bindiga ta yi shiru. Amma jinkiri daban, yafewa daban, kuma mun ga abin da rufa-rufa ta haifar a Sudan. Kotun ICC ta ba da sammacin kama shugaban Sudan na lokacin, Omar al-Bashir, a 2009 saboda kashe-kashen Darfur, shugabannin Afirka suka yi masa garkuwa da sunan zaman lafiya, ya zo Abuja a 2013 ya koma, ya je Afirka ta Kudu a 2015 ya koma. Mayaƙan Janjawid da suka yi wannan ta'asa ba a hukunta su ba su ne aka yi wa kaki aka kira su RSF, kuma tun watan Afrilun 2023 mutanen Darfur suke sake ganin abin da suka gani shekara ashirin da suka wuce, wannan karon har da mutanen Khartoum.

Abin da ya fi damuna shi ne shugabannin nahiyar sun fi mu fahimtar darasin, sai dai ta bayan hannu. A taron Tarayyar Afirka na Malabo a 2014, shekara guda kafin a fara shari'ar Habre, sun amince da kafa sashen manyan laifuka a kotun Afirka, amma suka saka wani sashe da ya haramta tuhumar shugaba mai ci da manyan jami'ansa, wanda ma'anarsa a aikace ita ce duk mai jini a hannu kada ya kuskura ya sauka. A Gini an yanke wa tsohon shugaban mulkin soja Moussa Dadis Camara shekara 20 a 2024 saboda kisan filin wasa na Conakry na 2009, ba a yi shekara ba shugaban mulkin soja mai ci a lokacin ya yi masa afuwa. Tsohon shugaban Gambiya Yahya Jammeh yana zaune a Equatorial Guinea tun 2017. A gida kuwa, kwamitin Oputa da aka kafa a 1999 don bincikar take haƙƙin ɗan Adam ya gayyaci tsofaffin shugabannin soja uku, babu wanda ya je, kuma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba. Sashe na 308 na tsarin mulkinmu yana kare shugaba ne muddin yana kan mulki, amma al'adarmu ta kunya da kawaici ga manya ta mayar da wannan riga ta har abada.

Habre ya rasu a Dakar a watan Agustan 2021 bayan ya kamu da korona, yana da shekara 79, bai nemi gafarar kowa ba a bainar jama'a. Kotun ta yanke cewa a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82, aka ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka alhakin nemo dukiyarsa da tara gudummawa, amma shekaru suka yi ta wucewa asusun bai fara biya ba. Wata kotu a N'Djamena ma ta ɗaure tsofaffin jami'an DDS 20 a 2015, ta yi umarnin a biya sefa biliyan 75, a gina wurin tunawa da waɗanda aka kashe, a kuma mayar da hedikwatar DDS gidan tarihi. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba biliyan 10, ƙaramin kaso na abin da kotu ta yanke, ga waɗanda suka rage da rai, tsofaffin da suka yi shekaru suna zaman dirshan a titunan N'Djamena da takardar hukuncin kotu a hannunsu.